Tsohon Bidiyon da Na Kunna Maka

Baba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin ni'ima, Ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana raye ma ba karantawa za ka yi ba, tunda shekara tara ka yi idonka a rufe, ni nake karanta maka duk abin da ya zo, kana yi mini tsiya wai ina karatu kamar injin da fulogi ɗaya ya mutu. To yau babu mai katse ni, sai ka yi haƙuri ka ji har ƙarshe.

Gida lafiya. Inna ta fita takaba, ta koma damun furarta, sai dai har yanzu takan zuba a kwanonka kafin ta tuna. Geron gonarmu ta Banga ya yi kyau bana, kuma mun kwaso shi da wuri, ba mu bari ya daɗe a gona ba, ka san halin da ake ciki. Matata Hadiza ta sauka, an samu namiji, sunanka muka sa masa. Inna ba ta iya faɗin sunan, sai dai ta ce a miƙo mata Maigida. Hanyar Shinkafi tana nan yadda ka bar ta, wata rana a wuce lafiya, wata rana direbobi su juyo tun daga Moriki, kowa ya yi jigum a tasha.

Kujerarka tana nan a gareji, gindin dogon yaro, babu wanda ya zauna a kai. Rannan wani direba ya zo tun daga Zurmi da motarsa tana wani ƙara, ya tsaya daidai gaban kujerar, ya bar injin a kunne ya fito yana tambayar ina Garba Mai Kunne. Bai ji labari ba. Ya daɗe a tsaye yana salati. Daga baya bakanike uku suka taru a kan motar, suka yi yini guda suna kwance-kwance kafin su gano boris ɗin injin ne ya ci, abin da da kai ne ko ruwan da ke hannunka ba za ka ajiye ba za ka faɗa. Ni dai ina kallo. Me zan ce? Ni da ka yi wa suna mai kunnen katako, ka ce gara da na tafi koyarwa, don da na zama bakanike da na kashe motocin Ƙaura kaf.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba, Baba. Maganar Mai Tsawa ce.

Ka tuna ta ai, ta ina za ka manta? Motar tseren nan mai ƙofa biyu, gajera, da kuka gyara a Kaduna kana saurayi kana koyon aiki. Maigidanka ya ba ka makulli ka matsar da ita daga bakin ƙofa zuwa kan ramin gyara, tafiyar da ba ta kai taku talatin ba, amma shekara hamsin kana ba da labarinta. Kullum ka ce da ka murza makulli sai da ka ji kukanta a haƙarƙarinka. Tun muna yara mun haddace labarin, har mukan riga ka faɗin ƙarshensa, ka kore mu da hula. Da wayoyi suka zo na samo maka bidiyonta, wani ya ɗauka a filin tsere, na ajiye a wayata don ko sabis ya ɗauke. Ban san sau nawa na kunna maka shi ba. Kakan karkatar da kai, ka kara wayar a kunnen dama, hannunka na hagu yana sa giya a iska tare da direban.

To kana kwance aka fito da sabuwarta. Kamfanin ya sake ta tun daga fitila har salansa. Sun rage silinda daga takwas zuwa shida, sun ƙara mata batir yana taya injin, sun cire giyar hannu, agogon gaban direba ma sun mai da shi gilashi irin na waya. Bidiyon ya zagaye wayoyin gareji a yini ɗaya, majalisa ta rabu biyu. Sani Ɗan Moriki, direban nan mai baki, ya rantse an cuci mota, wai sun cire mata maƙogwaro, yanzu in ta taso sai ka ce injin markaɗe. Bello Rewaya kuwa, da yake shi duk abin da ke da waya da batir nasa ne, ya ce ta fi tsohuwar gudu nesa ba kusa ba, kuma masu kuka tsoron ci gaba suke yi. Wani ya ce fitilunta sun yi sirara kamar mai jin barci, wani ya ce bayanta ya fi kyau. Har aka kusa ba hammata iska a kan motar da babu ɗayansu da ya taɓa ganinta ido da ido, wadda in aka kawo ta hanyar Zurmi ramin farko zai ɗebe mata ciki. Duk da haka ban ga laifinsu ba. Mutanen da kullum hirarsu wa aka tare, wa aka sako, in sun samu abin da za su yi musu a kai su yi dariya, ai sai a bar su.

Da musun ya ƙi ƙarewa, kowa sai ya ce a bari Mai Kunne ya warke ya raba gardama.

Kai ma labari ya iso maka. Ranar wata Laraba da hantsi, ina zaune bakin katifarka bayan na ba ka magani, ka ce in kunna maka sabuwar ka ji. Ƙafafunka sun kumbura, kwana biyu ko kunu ba ya zama a cikinka. Na fito da waya, ga bidiyon nan biyu jere, tsoho da sabo. Ni na riga na ji sabon, kuma ko da kunnen katakon nawa na san ba ita ba ce. Na dube ka. Na ga an karɓe maka ido, an karɓe maka ƙafa, hanyar da ka yi shekaru kana bi ta zama abin tsoro, abokanka rabi sun riga mu gidan gaskiya. Sai zuciyata ta ce, wannan ma sai an karɓe? Na danna tsohon, na ja shi gaba kaɗan don kada ka gane farkonsa, na kara maka a kunne.

Ka saurara har ya ƙare. Hannunka ya ɗan motsa a kan bargo. Ka yi murmushi ka ce, madalla, ba su taɓa ta ba. Na ce eh, Baba, ba su taɓa ta ba. Kwana shida bayan nan ka rasu.

Ƙarya na yi maka, Baba. Ita ce magana ta kirki ta ƙarshe da muka yi, sauran duk na magani ne da juya ka a shimfiɗa. Kai da ka taɓa dukana don na ce na yi sallah alhali ban yi ba, ka ce dukan ba na sallar ba ne, na ƙaryar ne.

Da a nan ta tsaya, wataƙila da na haɗiye abina. Amma bayan an share makoki na leƙa gareji yin godiya, Bello ya tambaye ni ko ka samu jin sabuwar kafin ka cika. Maimakon in ce a'a, bakina ya riga ni, na ce ka ji, ka ce ba su taɓa ta ba. Bello ya miƙe yana tafi, wai ga hukuncin Mai Kunne, magana ta ƙare. Sani bai yi musu ba. Ya sunkuyar da kai ya ce Allah Ya jiƙan Baba, ashe ciwo ya cinye kunnen tun kafin rai ya fita, don mai lafiyayyen kunne ba zai haɗa waɗannan biyu ba. Ba da mugunta ya faɗa ba, har idonsa ya kawo ruwa. Amma maganar ta bi gari. A tasha na ji wani yana cewa ai dama shekarun baya-bayan nan canke kake yi, mutane ne suke rufa maka asiri.

Ka san yadda na ji? Ba ka bar gida mai bene ba, ba ka bar mota ba. Sunan nan kaɗai ka bari, cewa kunnenka bai taɓa kuskure ba, ni kuma ɗanka na ɓata shi da bakina. Wata huɗu ina ɗauke da abin nan. In na nufi gareji sai in canza hanya ta bayan kasuwa. Kullum ina cewa gobe zan faɗa, sai in tuna zan tsaya gaban sa'o'inka da ƙannenka in ce ni malamin makaranta, mai hana yara ƙarya, na yaudari ubana a kan gadon mutuwa. Sai in fasa.

Ranar suna ce ta karya ni. Da liman ya faɗi sunan yaron, aka ce Allah Ya raya Garba, wani daga baya ya ce Allah Ya sa ya gaji kunnen kakansa na da. Na da, Baba. Washegari bayan la'asar na tafi gareji, majalisa ta cika, na tsaya kusa da kujerarka na faɗi komai. Na fito da wayar na nuna musu bidiyon biyu, na ce wannan na kunna, ba wannan ba. Na ce kunnen Baba bai yi kuskure ba, tsohuwar ya ji ya ce ita ce, kuma ita ce. Ban iya kallon kowa ba.

Kawu Ummaru ne ya fara magana, tsohon kwandastanka da kuka yi shekara ashirin a hanyar Shinkafi tare. Duk watannin nan yana zaune a majalisar ana taɓa sunanka bai ce uffan ba, har na riƙe shi a zuciya. Ya share ido da bakin rawaninsa ya ce dama ranar nan yake jira. Ya ce washegarin Larabar ya zo duba ka ina makaranta, ka sa ya rufe ƙofa, ka ce masa: "Yaron ga tsohuwar yak kunna min. Akwai mutumin da ka yin tari daidai giya ta biyu, na san tarinai kamar nawa." Sai ka ce ya kunna maka sabuwar a wayarsa, ka ji ta sau biyu.

Kowa ya matso, Sani da Bello har suna gogar kafaɗa. Kawu ya ce hukuncinka shi ne injin lafiyarsa ƙalau, wanda ya haɗa shi ya san aiki, kuma za ta fi tsohuwar gudu, sai dai ba taka ba ce, ta yaran yanzu ce, Allah Ya ba su jin daɗinta. Bello ya buɗe baki zai yi murna ya fasa. Sani ya ce shi ya yarda. Ka raba gardamar da aka bar maka, Baba, kana cikin kabari.

Na tambayi Kawu don me ya yi shiru ana cin mutuncinka. Ya ce alkawari ka ɗora masa. Ka ce masa za a tambaye ni abin da ka ce, zan faɗa, kuma za a ce kunnenka ya tafi. "Bar su su ce. Kak ka kunyata min shi. In ya hwaɗi da bakinai, sannan ka ba su nawa."

Ashe ka sani. Ashe lokacin da nake kallon fuskarka ina jin na yi dabara, kai ne kake lallashina. Ka ga ɗanka ya rasa abin da zai yi maka, magani ya ƙi, addu'a muna ta yi, sai wannan 'yar ƙaryar ta rage masa, ka karɓa ka ce madalla. Kuma ka zaɓi a ce kunnenka ya mutu da a ce ɗanka maƙaryaci ne. Ta yaya ka san zan faɗi gaskiya? Ni kaina ban sani ba. Da ban faɗa ba fa, haka za ka bar sunanka ya tafi?

Da na koma gida na zauna a zaure na kunna tsohon bidiyon, na kara a kunnen dama yadda kake yi. Sau uku ban ji komai ba sai kukan injin. A na huɗu na ji shi, can ƙasa-ƙasa, wani bawan Allah ya yi tari daidai lokacin da direban ya sa giya ta biyu. Shekara nawa abin nan yana cikin wayata? Na yi dariya ni kaɗai, daga nan kuma kukan da ban yi ba ranar jana'izarka ya zo, har Inna ta leƙo ta koma.

Na so in roƙe ka gafara a takardar nan, sai na ga ka riga ka yafe tun kafin in san zan nema. Duk da haka ka yafe mini, Baba, ina son in faɗa da kaina. Ban goge ko ɗaya cikin bidiyon ba. In Allah Ya raya takwaranka zan kunna masa duka biyun, in gaya masa gaskiyar wacce ce wacce, in bar shi ya nemo tarin da kansa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sa ka ji kiran rahama tun daga nesa yadda kake jin mota tun ba ta shawo kwana ba. Sai mun zo.

Ɗanka mai kunnen katako,
Lawali