Tayin Abinci a Legas

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Inna da Yaya Abdulfatah. Yaya ciwon gwiwar? An gama yankan riɗi?

Na iso Legas lafiya, kwas ɗin da asibitinmu ya turo ni yana tafiya daidai. Jiya aka zagaya da mu gari. Na ga teku, Baba. Na tsaya ina neman ɗaya gaɓar har idona ya gaji.

Daga nan muka shiga gidan abinci, aka kawo min shinkafa da kifi. Wata mata ta zauna kusa da ni, sai na matsa mata farantina na ce, "Bismillah." Ta dube ni, ta dubi farantin, ta rungume jakarta ta canza teburi. Charity, abokiyar aikina, ta ce kada in damu, a nan tsoron abin hannun baƙo ake yi.

Ban damu ba. Sai dai rabin abincin na bari a faranti. Na tuna yadda kake fitar da kwanonka ƙofar gida a Ɗanzomo, ka ƙi sa hannu sai wani ya gifta.

Masu shirya kwas ɗin sun yi min tayin aiki a nan, suna jiran amsa. Na san Yaya zai ce in karɓa. Amma kai nake tambaya, Baba: mutum yana sabawa da cin abinci shi kaɗai? Tsorona kada in saba.

A sa ni a addu'a. Allah Ya ƙara girma.

'Yarka,
Halimatus Sa'adiyya