Bokitin Baƙin Mai Ya Suɓuce Mini

Yaya,

Don Allah kada ka tayar da motar in ka tashi. Babu isasshen baƙin mai a injin, kuma laifina ne.

Ka ce in sayo ƙananan galan masu baki, na injin dizal. Mai shago ya zuga ni, wai babban bokiti ya fi auki, na biye masa. Da sassafe na ce bari in yi maka juye kafin ka farka. Na tsiyaye tsohon tas. Da na ɗaga bokitin, ga nauyi, ga ba mazurari, sai ya suɓuce mini. Ɗan abin da ya shiga ko sandar awo bai taɓa ba.

Na watsa yashi a gareji, ka taka a hankali. Takalminka na aiki ma ya sha.

Na tafi neman galan ɗin. Na san yau za ka kai Umma wajen likita. Ka gaya mata ni na makarar da ita, ba kai ba. Faɗan kuma ka ajiye mini, zan dawo in karɓa.

Ƙaninka