Maƙoƙo Ya Raba Ni da Kiran Salla

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kwamitin da ke ware kuɗin binciken cututtuka,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da abokan aikinka.

Ranka ya daɗe, sunana Isiyaku, manomin dawa a wani ƙauyen Hausawa kusa da garin Rusairis. Tun ina saurayi ni ne ladanin masallacinmu. Yau idan na yi magana, sai na kusa da ni ya miƙo kunne. Shi ya sa na koma ga alƙalami.

Na farko, abin da ya same ni. Maƙoƙo ne, wanda likitocinmu ke kira gudda. Ya fara kamar goruba, ina rufe shi da rawani, har ya kai idan na kwanta rigingine numfashina ya sarƙe. Aka yi mini aiki aka cire shi. Rai ya tsira, murya ta tafi. Ban riƙe likitan a zuciya ba. Tun kafin ya taɓa ni ya ce, "Baba, ka zo a makare." Gaskiyarsa. Amma wa ya taɓa gaya mana cewa ciwo ne da ake tarewa da wuri? Mu dai mun ɗauka halitta ce.

Na biyu, magani. An ce in riƙa shan ƙwaya kullum har ƙarshen raina. Da yaƙi ya datse hanyoyi, sai ta yi wuyar samu. Na shiga mota zuwa birnin Damazin, na bi kantunan magani ɗaya bayan ɗaya, na dawo hannu rabbana. Jikina ya yi nauyi, fuskata ta kumbura, ina rawar sanyi ana tsananin zafi. Abokan da muke shan jabana, wato gahawa, tare bayan la'asar ba su kore ni ba, amma hira ba ta jiran mai raɗa. Kafin in haɗa magana an wuce wurin. A hankali na daina zuwa. Matata Hajara ce ke gane ni ko da leɓe kawai na motsa, ita kuwa Allah ya karɓi abarsa. Yanzu bakin kogi nake zuwa in zauna har rana ta faɗi.

Na uku, kuma shi ne ya shafe ka. Masu bincike sun sha zuwa ƙauyenmu a kan zazzaɓin sauro da tsargiya. Mun miƙa musu hannu sun ɗebi jini, Allah ya saka musu. Ba wanda ya taɓa duban wuyanmu. Mahaifiyata da maƙoƙon aka binne ta, ƙanwata tana fama da shi. Ruwan da muke sha ne? Gishiri ne? Abinci ne, ko gado? Na tambayi likita, ya ce akwai zato, sai dai ba a bincika ƙauyukanmu ba, domin ciwon da ba ya kisa farat ɗaya ba ya samun mai zuba masa kuɗi.

Don haka nake roƙo, idan kuka zauna rabon kuɗi, ku yanko wa wannan ciwo nasa kason. A turo masu bincike su gano dalilinsa a nan. A kawo gwajin jini kusa da mu. A nemo hanyar da ƙwayar ba za ta riƙa yankewa ba.

Ba muryata nake nema ba, na haƙura da ita. Ɗiyata Zainabu ce. Kwanan nan ta fara jan mayafinta har haɓa ko a cikin gida, kuma ba ta yarda mu haɗa ido. Na san abin da take ɓoyewa. Ba na so ita ma a ce mata ta zo a makare.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare ka da zuriyarka daga ciwon da ba a kula da shi.

Wassalam, naka cikin girmamawa,
Isiyaku, tsohon ladan