Hoton Jirgin Kawuna Ya Sa An Karya Mini Yatsu

Hajiya Nuriya, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zai kai ni kurkuku ko kabari.

Shekara goma sha huɗu na yi a Tarabulus, babban birnin ƙasarmu Libiya, ina ɗaukar hoto, ba na ƙarƙashin kowa, duk jaridar da ta so aikina ta saya. Bara mahaifina ya rasu, na tattara na dawo garinmu na bakin teku don kada mahaifiyata ta zauna ita kaɗai. Na zaci tekun da na bari zan tarar. Ina! Rabin masuntanmu sun ajiye taru, jalatina suke jefawa, nakiyar nan da ake ƙullawa a leda. Da hantsi sai ki ji dum! Ruwa ya yi sama, kifaye su taso ciki a waje, manya da 'yan mitsi-mitsi, a kwashi kwando biyu a bar sauran su ruɓe. Mutum uku na sani a unguwarmu da nakiyar ta cire wa hannu.

Abin ya ci mini rai. Na hau duwatsu na ɗauki hoto daidai lokacin da ruwan ya tashi. Ba zan ɓoye miki ba, na san jirgin kawuna Miftah ne, yayan mahaifiyata. Amma na kula, duk sun juya baya, babu fuskar kowa, kuma a Tarabulus in babu fuska to babu magana. Na manta a garinmu ba da fuska ake gane mutum a kan ruwa ba, da fenti ne. Kowane gida da launinsa. Kore mai jan layi biyu a goshi, ko jariri ya san na gidan Miftah ne. Wata mujalla ta buga hoton, hukuma ta zo ta ƙwace jirgin, ta tsare ɗansa Faraj.

Bayan kwana biyu Ayad, wan Faraj, ya tare ni a kasuwar kifi shi da mutum biyu. Ya ce, “A'a, ga ɗan birni mai ido uku!” Ban ankara ba na ji kulkin da ake buga wa manyan kifi a haƙarƙarina. Suka danne hannuna a kan katakon yanka, ya ce, “Wanne yatsa ne mai latsa kyamarar, ɗan gwaggo? Wannan?” Ya karya biyu, wai kada ya yi kuskure. Kyamarata kuwa sai da ya mai da ita gari. Mutanen da suka san ni tun ina rarrafe suna tsaye suna kallo. Wani ma tirensa kawai ya janye kada jinina ya ɓata masa kifi.

Kawu ya zo gida, ko kallona bai yi ba. Ya ce wa mahaifiyata, “Salima, ɗan leƙen asiri kika haifa.” Tun ranar ba ta cin abinci.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba. Na je wurin mai sayar musu da jalatinar, na sayi ƙulli ɗaya. Yana cikin jakar kyamarata, a saman kabad. Ayad yana da ƙaramin kwalekwale, shi kaɗai ya rage musu, kuma kullum da safe ina hango shi ta taga. Dattawa sun sa ranar Juma'a don sulhu: a yanka rago, a ci bazin, tuwonmu na sha'ir, a akushi ɗaya, in sumbaci kan kawu. Ni aka karya, kuma ni zan sumbaci kai? Wallahi zuciyata tafasa take yi. Me zan yi?

— Wanda ya dawo gida

Ɗana, sannu da jiki. Kafin komai: yau, ba gobe ba, ka fitar da mahaifiyarka daga gidan nan, kada ka taɓa jakar, ka samu dattijon da ka yarda da shi ya kira masu aikin kwance nakiya. Abin nan ba ya tambayar wa ya yi laifi kafin ya tashi.

An zalunce ka. Abin da Ayad ya yi ta'asa ce, kuma gaskiyarka ce, suna kashe tekun da jikokinsu za su ci. Amma kai ma ka duba naka. Ka san jirgin wane ne, gidansa taku kaɗan daga naku, ba ka je ka ce “Kawu, ku daina” ba, sai a mujalla ya ga kansa. Mutumin da ɗansa ke tsare, abincin gidansa ya tafi, ba zai ga kyawun hoto ba.

Ka je ranar Juma'a. Ka sumbaci kan kawunka, don yayan uwarka ne, kuma ka nemi gafarar tsallake shi da ka yi, ba ta faɗar gaskiya ba. Sannan ka kwance bandejin a gaban dattawa, kowa ya gani. Ka ce sai Ayad ya amsa laifinsa da bakinsa, ya ɗauki nauyin magani da kyamara. In ya ƙi, takardar likita tana hannunka, kotu a buɗe take. Ka taimaka da lauya don Faraj. In hannunka ya warke ka ci gaba da sana'arka, amma mutanen garinku su fara ganin hotonsu kafin baƙi.

Kwalekwalen nan kuwa, ka daina kallonsa. Ba ka san wa zai kasance a ciki ba ranar da zuciya ta ɗebe ka, kuma ko wane ne, mahaifiyarka ce za ta zauna makoki, ga ɗan yayanta a likkafani ga ɗanta a ankwa. Saboda ita ka dawo, kada ka zama ajalinta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyarka, ya kai ku Juma'a lafiya.

— Hajiya Nuriya