Ƙarfe Mai Zafi a Kan Na'ura

Auta,

Gaisuwa a taƙaice, don raina a ɓace yake. Tsohon mai gadin masana'antarmu ya zo duba ni, ya ce kin tsaya gaban ma'aikata kin ce sabuwar na'urar awonku mai kwamfuta ta kawo ƙarshen kuskuren hannu. Hannun wa? Shekara talatin da takwas ina auna sandunan injin famfo a ɗakin da kike shugabanta yau, ba a taɓa dawo mini da ko guda ba. Hannun nan da ke rawa yanzu shi ya kai ki makaranta.

Mahaifinki.

*

Baba,

Ina gaishe ka da jiki. Wallahi ban ambaci sunanka ba. Abin da kake aunawa a mako, na'urar nan kafin azahar ta gama, wannan ko kai ba za ka musa ba. Amma ina cikin tashin hankali. An dawo mana da sanduna ɗari huɗu, wai suna lilo a cikin raminsu, alhali na'ura ta ce lafiyarsu ƙalau. Manaja ya ce in ban gano dalili kafin ƙarshen wata ba, in ajiye aiki.

'Yarka.

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na so in yi shiru har sai kin tako da ƙafarki, tunda wata takwas ba ki leƙo ɗakin nan ba. Na kasa.

Na tabbata daga injin yanka kuke kwasar sandunan ku ɗora a na'ura, saboda sauri. Ƙarfe mai zafi kumbura yake yi, in ya huce ya motse. Na'urarku ba ta yi ƙarya ba, zafi kuka ba ta ta auna. Mu a da, jera su muke yi a kan teburin dutse, sai na kara guda a kumatuna na ji sanyi kafin in ɗauki ma'auni. Har dariya kike yi mini kina ƙarama, wai ina sumbatar ƙarfe. Duk digirinki ba wanda ya gaya miki wannan?

Allah ya shirya ki.

*

Baba,

Barka da hutawa. Zafin ne. Aikina ya tsira. Manaja ya ce a aika mota ta ɗauko ka ka koya wa ma'aikata. Na ce ban sani ba ko kana iya fita yanzu. Ya dube ni ya ce, "Ba mahaifinki ba ne?"

Gobe da kaina zan zo in duba ka, Baba.

'Yarka.