Igiyar Ƙugun Husaina

Tsafe, watan Shawwal, 1956

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu a Gusau. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ki da maigidanki.

Bayan haka, ga ɗiyata Husaina nan na saka ta a motar Bawa direba. Yarinyar nan ta daina cin abinci. Da farko azumin nafila ta tsira, Litinin da Alhamis, har ina alfahari da ita a zaure. Daga baya kowace rana ta zama Litinin. An yi rubutu, an yi hayaƙi, mun kai ta Bungudu wajen mai magani, duk a banza. In an matsa mata sai ta ce ƙiba ta yi mata yawa, alhali iska na iya kayar da ita. Uwarta ta gaji da kuka, ni na gaji da faɗa. Ke da direbobi ke layi a kan tuwonki a tasha, ko hannunki zai dace. Haza wasalam.

Yayanki, Jibril

Gusau, watan Zulƙida

Zuwa ga Yaya Malam Jibril. Ina gaishe ka da matarka Mairo, ina yi muku sannu da jinya.

Yaya, da ka ce ta rame ban ɗauka haka ba ne. Da ta sauko daga mota sai da na nemi wurin zama. Na yi dambu, na yi miyar kuka da man shanu, na dama fura da nonon safe. Ni Safiyatu da ake faɗa a kan ƙanzon tukunyata, yarinya ta dubi akushina kamar na zuba mata ƙasa.

Ka san ƙofar zaurenmu, jaki da mangala yana wucewa. Husaina sai ta karkace take shiga, wai kada kafaɗunta su gogi bango. Na ce ƙarya take. Na miƙa mata igiyar guga, na ce ta ƙulla mini faɗin ƙugunta yadda take jin sa. Ta ƙulla abin da zai zagaye turmi. Na ɗauka na naɗa mata, igiya ta zagaye ta har ta sake zagayowa. Ta duba da idonta, ta ce, "Gwaggo, kin dai sake ƙullin. Ni na san jikina." Ba gardama a muryarta, gaskiyarta take faɗa, kuma abin da ya karya mini gwiwa ke nan.

Malamin asibiti ya duba, ba tsutsar ciki, ba tarin fuka. Ya ce idonta lafiya lau, ƙwaƙwalwa ce ta riƙe tsohon awon jiki ta ƙi saki. Na gane nufinsa. Wadda ta saba ɗaukar tulu, ko ta sauke, sai ka ga ta sunkuya a bakin ƙofa. Ka tuna da ƙibarta tana ƙarama, taubasanta na kiranta buhun gyaɗa muna dariya? Ita har yau tana cikin buhun. Na gaji, Yaya, amma ba zan maido ta ba. Ka gaida kowa.

Ƙanwarka, Safiyatu

Gusau, watan Muharram

Yaya, gaisuwa da fatan an shiga sabuwar shekara lafiya.

An sami ɗan sauƙi, kada ka yi guɗa tukuna. Na bar lallashi, na bar kallon bakinta. Sai mu zauna gyaran wake, in ajiye ƙwaryar kunun gyaɗa a tsakaninmu, in yi ta ba ta labarin rigimar 'yan kamasho. In sha ludayi, in kau da kai. Wata rana ta sha, wata rana ta bari. Haka muke ta jan jiki, aikin ya fi dakan gero cin rai. Yanzu tana iya ɗebo ruwa ba ta dafa bango ba. Jiya ta tambaye ka. In ka sami sarari a ofishin hakimi, ka leƙo. Sai na gan ka.

Safiyatu

Tsafe, watan Safar

Zuwa ga ƙanwata Safiyatu. Gaisuwa da godiya marar iyaka.

Na iso gida lafiya. Allah ya saka miki, abin da malamai suka kasa kin yi shi da ludayi. Da kika tafi tasha muka zauna ni da ita, na dube ta sai hawaye. Na ce, "Masha Allah, ɗiyata, kin yi ƙiba, kumatu sun ciko, kin koma Husainarki ta da." Ta sunkuyar da kai don kunya. Na ba uwarta labari, daren jiya ne ta fara barcin kirki. Ga zuma da man shanu nan wajen Bawa, a ƙara mata. Haza wasalam.

Jibril

Gusau, watan Safar

Yaya, ina gaisuwa.

Zuma ta iso, tana nan a rufe. Tun ranar da ka tafi ko ruwan kunu bai wuce maƙoshinta ba. Ban ga laifinka ba, abin da kowane uba zai faɗa wa ɗiyarsa ka faɗa. Ka taho da Mairo a motar farko. In kun zo ku zauna kusa da ita, kada ku yaba komai.

Ta ce in roƙar mata gafara wajenka, wai masu ɗaukar makararta za su sha wahala saboda nauyinta. Ni kuwa da hannu ɗaya nake ɗaga ta in gyara mata shimfiɗa.

Safiyatu