Hannun Ƙofar Ruwa Yana Wurina, Baba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Garba mai ƙofar ruwa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Na san takardar nan ba za ta iso ka ba. Waɗanda za ta isa kuwa su buɗe kunne, don har da su nake.

Baba, ranar Laraba na je ƙofar ruwan dam ɗinmu, kuma da ƙafa na je. Mai babur ya sauke ni a bakin gaɓa, na taka busasshiyar ƙasa har gindin ginin da ka yi shekara ashirin kana zuwa a kwalekwale. Ko takalmina bai jiƙe ba.

Na tuna safiyar Juma'a. Kana tura jirgi da gora, ni ina gaba ina jan yatsu a ruwa, kana tsokanata: "Uwata, janye, kada kifi ya ɗauka rogo ne." In mun isa ka hau matakala, ka ɗora hannun ƙarfen buɗe ƙofa, ka juya sau bakwai, ruwa ya gangara gonakin tumatir da albasa. Bakwai, ba takwas ba. Ko mai unguwa ne ya roƙi ƙari, amsarka ɗaya ce: "Rani da tsawo."

Kai ke kiran gayya duk shekara a yashe laka. Da ka rasu, sai gayya ta koma "baɗi in Allah Ya kai mu". Baɗi tara ke nan. Laka ta cika, ruwa ya ja baya, duk taƙin da ya bari wani ya dasa rake a kai. Mutanen da suka fi kowa kuka ranar jana'izarka su ne suka raba cikin dam kamar naman watanda.

Kwalekwalenka na gani a gonar Yaya Sani, babban ɗanka. Dokin da ke jan injin mazarƙwaila ne ke cin dusa a ciki. Wallahi raina ya ɓaci.

Ɗan ruwan da ya rage yana gefe ɗaya a gindin ƙofa. Nan shanun Fulani ke sha, nan matan unguwa ke ɗiba su shayar da alayyafonsu. Wannan ruwan ne Yaya yake so a buɗe ƙofa a tsiyaye, ya ƙara kadadar rake. Shi ya sa ya kira ni daga Kudan, wai in kawo hannun ƙarfen da ka damƙa mini a ciwonka na ƙarshe. "Ke mace, me za ki yi da ƙarfe?" in ji shi.

Ni ma ban wanke kaina ba, Baba. Shekara tara ban taɓa ɗora tukunyar gayya ba, ban ce wa kowa uffan ba. Ka yafe mini.

Amma ƙarfen yana ƙasan akwatina, na naɗe shi da rawaninka. In suna so, su zo da guduma su fasa ƙofar da rana tsaka, gari na kallo. Da hannunka dai ba za a juya ta takwas ba.

Allah Ya jiƙan ka, Ya shayar da kai daga Alkausara kamar yadda ka shayar da mutane. Shi kuma Yaya, Allah Ya shirye shi, don har yanzu ɗan uwana ne.

Taka har kullum,
Uwarka, Hajara.